Suna mai harafi goma sha tara

Ni na fara gani, tun kafin masu digiri su farga. Ni Orville Haugen, a aji shida na tsaya, na yi shekara ashirin a jirgin ruwan dakon ƙarfe, igiya ta cinye min yatsu uku, ciwon huhu ya kayar da ni sau biyu na tashi. Ni na fara cewa sunayen nan biyu na umarnin kwamfuta sai sun ci mutum. Ban dai san ni za su ci ba.

Amma yau maganar Arlene Koskela ce, wadda za ta ajiye aiki ranar Juma'a.

Shekara ashirin da biyu, bakwai saura kwata take shigowa rumbun hatsinmu na Duluth, da kofinta a lotsattsen flas. Ba ta cire rigar sanyi sai ta duba allon kwamfuta. Ita ke riƙe da manhajar da ke saita kwamfutocin sikelinmu gaba ɗaya. Ka rubuta sunan manhajar, ka bi shi da ƙaramin umarni, duk su bi.

Da ta zo, ƙananan umarnin ashirin da uku ne. Biyu a cikinsu harafi ɗaya ya raba su: ɗaya ya nuna maka saiti, ɗayan ya share shi kaf. Ni kuwa ba karanta kalma nake yi ba, kamanninta nake ganewa, kamar fuskar mutum. Wata Talata, tsakiyar kakar alkama, na buga mai sharewar. Sikeli arba'in suka mutu. Tireloli suka yi layi har gada.

Washegari manaja ya kira mu, takardar sallamata tana gabansa. Arlene ta tashi ta rubuta sunayen biyu a farin allo.

Ta ce, "Yallaɓai, ja da baya taku biyar, ka nuna min mai sharewar."

Ya nuna, ya kuskure.

"To kai ma ka kashe sikeli arba'in. Takardar sallama biyu za a buga, ko za a bar ni in gyara sunan?"

Doreen ta ofishin awo tana wurin, ku tambaye ta.

Shekara biyu Arlene ta yi tana haɗe umarnin da aikinsu ɗaya, har ashirin da uku suka koma shida. Amma mai sharewar ta ware shi, ta raɗa masa suna mai harafi goma sha tara.

Na ce, "Haba 'yar'uwa, da yatsu bakwai ai sai rana ta raba ban gama ba."

Ta ce, "Da hannunka na auna, tsoho. Abin da ke ɓarna gara ya gajiyar da yatsa. Kafin ka kai harafi na goma hankalinka ya dawo."

Arlene, ke ce mai raɗa wa haɗari sunan da ya dace da shi. Tun daga ranar ba a sake share sikeli bisa kuskure ba, shi ya sa ba wanda ya san kin yi wani abu.

Yanzu Trevor Lindqvist zai gaje ta. Ya ce a mayar da mai nunawa da mai sharewa umarni ɗaya, a riƙa ƙara harafi guda a wutsiya in sharewa ake so.

Da na yi ƙorafi sai ya ce min, "Baba, ba wasiƙa muke rubutawa ba."

Sau uku Arlene ta rubuta ba ta yarda ba. A taron masu kula da manhajar aka ɗaga hannu, huɗu suka bi shi, ita kaɗai ta ƙi. Ranar Litinin sabon tsarin zai fara. Shekarata sittin da tara, idona ya fara hazo, aikin nan ne ke riƙe min inshorar magani, kuma in na sake kuskure babu mai tashi ta rubuta komai a allo.

Na gode, Arlene. Ku da kuka rage, in za ku raɗa wa abu suna, ku tuna da hannun da ya fi kowa gajiya.

Wanda ke ganin surutun tsufa nake yi, ya same ni ranar Litinin a sikeli na ɗaya. Zan rubuta masa sababbin guda biyu, ya ja da baya taku biyar, ya nuna.