Yatsu Uku a Kwalbar Ummuhani

A layinmu na unguwar Kpébié a Parakou, in mutum zai faɗi lokacin da wani abu ya faru, ba ya neman kalanda. Cewa yake "kafin Asubar Kafe" ko "bayan Asubar Kafe", kowa ya gane. Kafe dai shi ne gahawa a bakinmu. Ranar ce muka yi sallar asuba sau biyu, kuma Malam Tahir direba ne ya jawo mana.

A makon, famfon ɗan masallacinmu ya ɗauke, daga randar bakin ƙofa muke cika butoci. Gari bai waye ba, kowa ya yi alwalarsa a duhu-duhu. Na ji wani ƙamshi lokacin kurkurar baki, na ce ƙila ladan ne ya turara randar. Sai da aka sallame, haske ya fara shigowa ta taga, muka ga farin gemun Liman Abduljalil ya koma ruwan ƙasa, hannayen rigunanmu kuma kamar mun wuni a marina. Ladan ya zura hannu cikin randa ya zaro kwalba, irin babbar nan ta mayonez, da jan zare ɗaure a wuyanta, murfi ya kwance, wata 'yar jakar yadi tana reto a ciki.

Liman ya shinshina gemunsa, ya ɗanɗana ruwan, ya ce launi ya canza, ƙamshi ya canza, ɗanɗano ya canza, wannan ba ruwan alwala ba ne. Mu goma sha huɗu muka yi layi zuwa rijiyar maƙwabta, muka sake alwala, muka sake salla muna tsere da fitowar rana. Malam Tahir bai jira a tambaya ba. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi kwalbar kamar an ba shi jinjiri, ya ce, "Tawa ce. A yafe mini." Sannan ya ɗaga ta wajen haske yana duba inda ruwan ya tsaya, alhali ruwan randa ya riga ya shiga ya cika ta.

Mun yi dariya, har gobe muna yi. Amma wannan duban da ya yi wa kwalbar, shi ne labarin.

Malam Tahir siririn mutum ne marar hayaniya. Shekara ashirin da shida ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Parakou da Djougou, har kowane rami a hanyar ya san shi, wasu ma ya raɗa musu suna. Kakanninsa fatake ne da suka sauke kaya a Parakou suka manta ba su ɗauka ba. A tashar Djougou ya fara ganin Ummuhani, 'yar gidan masu goro, ta kawo huhu za a kai wa wani kawunta. Ya kai huhun ya dawo da saƙo. Ya kai wani ya dawo da wani. Da gidan suka gaji da ganinsa a zaure, sai suka ba shi mai kawo huhun.

Direban da ke tashi da asuba dole ya sami abin buɗe ido, shi kuwa kafen masu shayin tasha ƙwannafi yake tayar masa. Ummuhani, wadda ta tashi a gidan da aka san goro ba ya son zafi, ta ce laifin wuta ne. Ta sa ana kawo mata gasassun 'ya'yan kafe daga Togo, ta ɓarza su a turmi, ba lukui ba, kamar tsakin masara. Ta ɗinka 'yar jaka da farin yadi. Bayan la'asar sai ta cika jakar ta saka a kwalba, ta zuba ruwan sanyi har ya kai jan zaren, ta rufe, ta ɗaura igiya ta zura cikin randa. Ba murhu, ba tafasa. Da asuba in ya dawo daga masallaci, sai ya tarar da kwalbar a kan tabarma, an cire jaka, cike take har zare. Yakan ce kafen Ummuhani ba ya faɗa da maƙogwaro, sallama yake yi kafin ya shiga.

Ta rasu shekara uku kafin Asubar Kafe, a ƙarshen damina, bayan jinyar kwana tara. A lokacin ya riga ya ajiye tuƙi saboda ido. 'Yarsu ɗaya, Khalida, tana aure a unguwar Titirou. Gidan ya zama daga shi sai randa.

Bayan arba'in ya ɗauko kwalbar. Aikin la'asar ya gan shi sau dubu, don haka bai yi kuskure ba: ɓarza, jaka, ruwa har zare, randa. Da asuba ya zaro, ya cire jakar ya matse. Ruwan ya tsaya yatsu uku ƙasa da zaren. Ya sha, ya ji ɗaci kamar maɗaci. Washegari ya sake, yatsu uku. Ya canza randa, ya kulle ɗakin ya sa makulli a aljihu, ya yi wa igiyar wani ƙulli da shi kaɗai ya iya. Yatsu uku.

Wata rana ya kawo maganar majalisarmu ta gindin mangwaro, yana yi kamar wasa.

Na ce, "Malam Tahir, ai garin ne ya sha. Ko wake ka jiƙa, sai ya sha nasa."

Ya ce, "Na ji. Shekara ashirin da shida garin azumi yake yi, sai da ta rasu ya sha ruwa?"

Sufyan mai gyaran babur, wanda ba ya barin shiru ya daɗe, ya ce ƙila ɓera ne.

"Ɓeran da zai buɗe murfi, ya sha, ya mayar, ya ƙulla igiya," in ji Malam Tahir. "Ka kawo shi garejinka, ya fi ka tsafta."

Aka yi dariya aka wuce. Bai taɓa faɗin abin da yake zato ba. Mutum ne mai salla, ya san wanda aka kai makwanci ba ya dawowa shan kafe. Amma mun lura ya fara yin sallama kafin ya shiga ɗakin randar, kuma yakan ɗan dakata kamar mai jiran a amsa. Ya rame. Hannunsa ya fara rawa in zai ɗaga kofi. Likita ya ce tansiyonsa, wato hawan jininsa, ya sake tashi, ya bar kafe. Ya ce to, bai bari ba. Shi dai so yake ya sake jin ɗanɗanon nata ko sau ɗaya, ya kuma san inda yatsu ukun suke zuwa.

Khalida ta aiko a sayo mata kwalbar zamani daga Cotonou, mai rariyar ƙarfe a tsakiya da lambobi a jiki, ta ce a riƙa sa ta a firigo, wato firji. Abin da lambobin suka ƙara kawai shi ne yanzu ya san girman giɓin daidai wa daida. Bayan mako ɗaya ya zuba sukari a cikinta ya koma wa tsohuwar.

Daga nan ne dabarar masallaci ta zo masa. Daga baya ya gaya mini yadda ya lissafa. Ya ce, "Na ce bari in kai ta ɗakin Allah. In can ma ta ragu, to garin ne, kamar yadda ka faɗa. In ba ta ragu ba..." Bai ƙarasa ba. Na tambaye shi wanne yake fata. Ya kalli takalminsa ya ce la'asar ta kusa.

Moɗar ladan ce ta bugi murfin, gwaji ya lalace, gemun liman ya ɗauki hukuncin.

Da labari ya kai Titirou, Khalida ta zo a kan zem, babur ɗin haya, ko mayafi ba ta gyara ba. Ta ce, "Baba, ka sa ina shiga kasuwa ana tambayata ko ni ma ina sayar da ruwan alwala. Ka je Djougou wajen Inna Adawiyya. Tare suka tashi da Mama, in akwai abin da ba ka sani ba, ita ta sani."

Ni ya nema in raka shi. Ya zauna gaban mota rungume da kwalbar a cikin leda, yana taka birkin da babu a gefensa duk ramin da muka tunkara, direban yana kallonsa ta gefen ido.

Mun tarar da Hajiya Adawiyya, yayar marigayiya, a tsakar gida tana zaɓen goro, tana yayyafa wa ganye ruwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiyar hanya, sannan ta ce, "Tahir, an ce ka yi wa limaminku lalle a gemu."

"Yaya, labarin har ya iso."

"Ya riga ka da kwana huɗu. Kai ne ka daina gudu."

Ya ajiye kwalbar a gabanta ya faɗi komai, tun daga turmi har randa. Ta saurara hannunta bai bar goro ba. Da ya gama ta ce, "To da asuba, in ka cire jakar, sai me?"

"Sai in sha."

"Haka nan?"

"Haka nan."

Ta ajiye goron. "Shekara uku kana shan uwar kafe zalla, kuma kana tafiya da ƙafarka. Lalle kana da sauran kwana."

Ta ce abin da ke fitowa daga randa ba na sha ba ne, sai an sirka. Kullum da asuba, lokacin da yake masallaci, Ummuhani takan cire jakar, ta ga giɓin da garin ya bari, ta ɗebo ruwan randa ta cika har zare. Kuma tun shekarar da likita ya fara maganar tansiyo, sai ta ƙara rage wasu yatsu biyu ta zuba a gindin lemon tsakar gida, ta mayar da ruwa.

"Na ce ta gaya maka. Ta ce in ta faɗa za ka yi gardama, za ka ce barci zai ɗauke ka a hanya. Ta ce kai dai in ka ga kwalba a cike, hankalinka ya kwanta." Ta tura masa kwalbar a hankali. "Ba wanda yake shan kafenka, Tahir. Mai cikawar ce ba ta nan."

Ya daɗe yana murza jan zaren da yatsa. Can ya ce, "Shi ya sa lemon nan ba ya hutawa." Hajiya ta yi dariya, ta goge ido da gefen zane, ta ƙulle masa goro a ganye. A hanyar dawowa bai taka birki ko sau ɗaya ba.

Yau shekara biyu ke nan. Yana sirkawa, hannunsa ya daina rawa, Khalida ta daina zuwa da na'urar awon jini a jaka. Lemon ma yana samun rabonsa. Da hantsi yakan fito da kwalbar gindin mangwaro ya zuba wa mai so. Sallamar ɗakin randa ce dai bai bari ba, mu ma ba mu tambaya.

Kwanan baya liman yana zaune, Sufyan ya ɗaga kwalbar kafin a fara zubawa, ya kanne ido ɗaya yana dubawa.

"Malam Tahir, yaushe za a sake yi mana Asubar Kafe? Gemun liman ya yi fari da yawa. Kuma ga shi har yau ba ta kai zare ba, saura yatsa guda. Ɓeran nan ne ya dawo?"

Malam Tahir ya karɓi kwalbarsa da hannu biyu.

"Liman ya san gemunsa bai taɓa ƙamshi irin na ranar ba, kunya ce ta hana shi godiya," in ji shi. "Zare kuwa, na cika har can sau ɗaya, washegarin da muka dawo. Ya fito nata sak, har na waiwaya zan ce mata sannu da aiki. Tun ranar nake barin yatsa ɗaya, don in riƙa sanin wa ya haɗa."