Rabon Murja a Bakin Turmi

Ranar da Sabuwa ta fita takaba ta je rijiyar Ɗanzomo, guga ya fi ƙarfin hannunta. Wata yarinya ta karɓi igiyar, ta cika mata tulu, ta aza mata a ka. Murja ke nan, 'yar maƙwabcinta Malam Ɗahiru. Danga ɗaya ce tsakaninsu.

Murja ce mai dakan gidansu. A garin kuwa ba a zuba wa budurwa tuwo a akushi. Maza su ci, yara su ci, ita sai a ce ai ta ci a bakin turmi: ɗan gumba in ana daka, tsaki in ana tankaɗe, ƙanzo in an kwashe tukunya. Ga kunya, budurwa ba ta tauna a gaban mutane. Da wannan tsince-tsincen 'yan mata ke girma, kuma in shekara ta yi albarka yana isar su.

Shekarar da Nasara suka cika shekara goma a Kano, ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Rahamatu, uwar Murja, ta shiga auna hatsi da tafin hannu, ta tsaya kan turmi har a kwashe. Tuwo ya koma ruwa-ruwa, rabinsa ganyen tafasa, ba ya kama tukunya balle ƙanzo. Amma rabo yana nan yadda yake, ba wanda ya tuna da mai daka.

Daga kan tabarmar sallarta Sabuwa ta ji taɓarya ta rage sauri. Ta ga munduwar yarinyar ta haura har gwiwar hannu. Wata rana da hantsi ta tarar da ita bayan danga tana gurgurar farar ƙasa.

"Ke Murja, me kika ci yau?"

"Na ƙoshi, Gwaggo."

"Da me? Da ƙamshin turmi?"

Murja ta yi dariya, ta rufe baki da gefen zane. "Haba Gwaggo, in buɗe baki in ce ina jin yunwa? Ai sai 'yan mata su sa ni a waƙa."

Sabuwa ta yi niyyar samun Rahamatu, sai ta ga gidan wani ne, ta dai sa yarinyar cikin addu'a. Kwana tara tana cewa gobe. A na goma Murja ta faɗi da taɓarya a hannu.

Sabuwa ta dama ɗan kunun da ya rage mata ta shiga da shi. Murja ta juya fuska ga bango, ta sha ludayi biyu, cikin ya ƙi karɓa. A tsakar gida daka ya ci gaba, ƙanwarta Rabi ce, wadda taɓarya ta fi ta tsawo.

Murja ta daɗe tana saurare, sannan ta kama yatsan Sabuwa.

"Gwaggo, ni ba zan iya faɗa ba. Ki ce wa Inna ta riƙa zuba wa Rabi nata a ƙwarya. Don Allah yau, kada ki bari sai gobe."