Watandar da Ba a Raba ba

Malam, mijina, shi ke haɗa watandar unguwarmu a Roni duk jajiberin salla. A yi zubi, a sayi sa, a yanka, kowa ya ɗauki kashinsa. Bai taɓa ganin wanda ya zuba ya koma gida hannu rabbana ba.

Da wani ƙullutu da ya fito masa a wuya ya girma, likita a Kano ya ce ciwon daji ne, a yi aiki tun bai yi nisa ba. Malam kuwa tsoron wuƙa yake, shi da ke fiɗar sa. A kwanakin ne ƙanensa, malamin makaranta a Kazaure, ya zo dubiya. Don ya ƙarfafa masa gwiwa, ya nuna masa a waya wani kamfanin ƙasar waje da ke gwajin magani: a sa shi a jiki, a haska wurin da wata irin fitila, ciwon ya mutu ba tare da yanka ba. Ya ce har hannun jari suke sayarwa.

"Zuba mini," in ji Malam.

"Yaya, riba ake ci fa, ba magani ake rabawa ba. Ko gwajin ba su gama ba."

"Kai da bokonka! Wa ya taɓa zubi aka hana shi kashi?"

Ya sayar da shanun huɗarsa, ya zuba.

Ranar komawa asibiti ta zo, ya ce a bari sai an yanke gero. An yanke, ya ce sai an cire gyaɗa. Kullum da hantsi ya zauna a tsakar gida, ya janye wuyan riga.

"Malam, rana fa."

"Ke, bar ni. Sabawa nake da hasken kafin nawa ya iso."

Nakan yi dariya. Ya koma cin tuwo, yana tsokanar jikoki, ni kuma na kasa ambaton Kano in ɓata masa wannan farin cikin.

Da muka je, likita ya daɗe yana taɓa wuyan. Ya ce ya bazu, aiki ba zai yi ba. Malam bai ga damina ba.

Bayan na fita takaba ƙanen ya zo, kansa a sunkuye. Ya ce jarin yana nan, gwajin ma ana ci gaba, ko a cire? Na ce ya bari, ko maganin zai riski wani.

Ban ga laifinsa ba. Shi ya faɗa masa gaskiya sau ɗaya, da babbar murya. Ni da nake wanke wuyan kullum, ina jin ƙullutun yana cika mini tafin hannu, hantsin nan nake ta tunawa.