Cin da Ba na Yunwa Ba

Har yau in na ji ƙamshin masa a tanda, Gwaggo ce ke faɗo mini a rai. Ƙanwar mahaifinmu ce. Ina da shekara tara ta dawo gidanmu a Kuje, bayan mijinta, wani direba a Maitama, ya rasu a hatsarin mota.

Da damina ta fita takaba. Ba ta cika kuka a gaban mutane ba. Amma in an ci abincin rana kowa ya watse, sai ta tattara masar da ta yi wa Mama kwantai, ta haɗa da sauran tuwo da burodi, ta shige ɗaki ta sa sakata. Wata rana ana yayyafi na leƙa ta taga. Tana zaune a ƙasa tana tura loma kan loma kamar ana korarta. Da kwanukan suka ƙare ta dafe ciki, ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa.

Kowa da fassararsa. Baba ya ce haɗama ce. Maƙwabta suka ce iska ce, aka kira malam ya yi ruƙiyya. Mu yara muna dariya a bayan idonta. Kaka kaɗai ta tambaye ta a hankali, "'Yar nan, ba kya ƙoshi ne?"

"Inna, ba yunwa nake ji ba. In na fara, ba na iya tsayawa."

Kaka ba ta san inda ake kai irin wannan ciwo ba. Ciwon suga ne ya zama ajalin Gwaggo, ko arba'in ba ta cika ba.

Bara, bayan na yi ɓari na biyu, na fara kulle kaina a mota a bayan ofis, in cinye abincin mutum uku ina hawaye. Wata huɗu ina ɓoyewa, kafin maigidana ya ga tarin ledoji a ƙarƙashin kujera. Bai yi faɗa ba, ya raka ni asibiti.

Likitar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Hajiya, wannan ba kwaɗayi ba ne. Ciwo ne, kuma ana maganinsa."

Yanzu duk sati biyu nakan je mu zauna mu yi magana, kuma ina samun sauƙi. Da na gaya wa Baba, wanda tsufa ya kama, sai ya ce, "Ashe mun zalunci Gwaggonki. Allah Ya yafe mana."