Ta Fara Daga Dunduniya

A shekarun fari, da rijiyoyin Kurfai suka yi ƙasa, sau biyu aka ƙara wa igiyar gugarmu tsawo. Janta ne ya cinye mini baya. Ciwon baya kam kowa na yi, amma nawa ya zo da nasa salo: fatar bayana ta ƙi a taɓa ta. Ko zani ya goge ta sai in ji kamar an watsa mini barkono. Ɗiyata na da wata biyar, na kasa goya ta. Ƙanwata ke goyon, ni in ba ta nono a zaune in miƙa mata. Har yarinyar ta koma in tana kuka, wajen ƙanwata take miƙa hannu. Wallahi wannan ya fi ciwon ci mini rai.

Ba abin da ba a gwada ba. Wanzami ya zo da ƙaho, yana ɗorawa na kurma ihu har maƙwabta suka shigo. Aka sa yara su taka mini baya kamar yadda ake yi wa tsofaffi, na kusa suma.

Sai aka ce wata likita 'yar ƙasar Sin, mai aikin tausa, ta zo Filinge daga Yamai, za ta yi kwanaki. Maigidana ya kai ni a amalanke. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta sa na kwanta rubda ciki, ta murza tafukanta har suka yi ɗumi, sai ta kama dunduniyata. Ta danna, ta mulmula da babban yatsa, ta ce in dawo gobe.

Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na ce wa tafintan da ke fassara mana magana ya tambaye ta, ko ba a gaya mata baya na kawo ba? Ta yi murmushi ta ba shi amsa.

“Ta ce bayanki a tsorace yake,” in ji tafinta. “Sai ya saba da hannunta tun daga nesa.”

Na tafi ina ƙunƙuni, amma na dawo. Rana ta biyu ta tsaya a sha-raɓa, ta uku a bayan gwiwa. Hannun nan ba ya gaggawa, ba ya ɗagawa, yana tafiya kamar ana murza fura. Rana ta biyar ina kwance, barci na fizgata, tafinta ya tambaye ni ko na san inda hannunta yake. Na ce a cinya mana. Ashe tafukanta biyu suna tsakiyar bayana, a kan fatar nan da ta ƙi zani. Sai salati nake yi. Har yau ban san yadda Allah ya sa wannan sani a yatsun mutum ba.

Ciwon bai tafi duka ba, yana nan yana leƙo ni in na daɗe a duƙe. Amma ranar ina isa gida na ce wa ƙanwata ta sauko mini da ɗiyata. Na ɗora ta, na ɗaura zani, na ƙara majanyi. Ta yi ta tsala kuka tana waigen ƙanwata, har ƙanwata ta fita waje don kada ta gan ta. Na yi ta kai da kawowa a tsakar gida ina jijjiga ta. Can sai na ji ta kwantar da kumatunta a tsakanin kafaɗuna, ta yi shiru. Miyaunta ya gangaro mini a baya, na ji sanyinsa sarai, ban share ba.