Sunan da Najiba Ba Ta Iya Faɗa

A Ƙanƙara aka haifi Najiba, a gidan wani mai gyaran rediyo, kuma tun tana ƙarama an san ta da taɓe-taɓe. Duk abin da ke da maɓalli sai ta danna ta ga abin da zai yi. Ta sha duka a kan haka, bai hana ba. Da ta gama sakandare ta yi karatun koyarwa, aka ba ta darasin kwamfuta a wata makarantar da ko kwamfuta ɗaya babu. A allo take zana wa ɗalibai hoton abin da ita kanta ba ta cika taɓawa ba, kuma duk ranar da ta riƙe alli ta yi wannan zanen sai ta ji nauyi a ranta.

Aure ne ya kai ta 'Yankara ta ƙasar Faskari, gidan Alhaji Yahuza, babban dillalin hatsi. Mu da ba surukansa ba muna iya faɗin sunan. Ita kam tun da ta shiga gidan bai taɓa fita daga bakinta ba, Alhaji take cewa, ko Baba. Da ta haifi ɗan fari aka yi wa tsohon takwara, sai ya zama ko ɗan cikinta ba ta iya kira da sunan yanka. Mijinta Mamuda mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya rowa, sai dai in ana neman wanda zai lura da abu kafin ya ɓaci, to a nemi wani.

Lokacin da yayanta ya aiko mata da tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, gida ya ɗauki magana. Surukarta Hajiya Larai ta ce matar aure da zama gaban akwati tana daddannawa, wannan kuma wane irin sabon salo ne. Matan gidan suka samu abin yi da baki. Alhaji ne ya tsaya mata. Ya leƙo daga zaure ya ce, "Ku ƙyale mani ɗiya. Ilimi take nema, ba yawo ba." Daga ranar ba wanda ya sake cewa uffan, aƙalla a gabansa. Najiba ta riƙe wannan a zuciya, ta ƙudura sai ta yi abin da tsohon zai ɗaga kai da shi a gaban sa'o'insa.

Abin da za ta yi ma a bakinsa ta ji shi. Kullum yana kukan masu sayen hatsi da ke tasowa daga Sabuwa da Ƙanƙara, su bi hanyar da a shekarun nan ba kowa ke son bi ba, su iso su tarar masara ta yi tsada ko dawa ba ta shigo ba, su koma hannu biyu. Ta ce a ranta, da akwai shafi a intanet da dillalai za su riƙa sa farashin ranar kasuwa, ai mutum zai duba a wayarsa kafin ya ɗaura tafiya.

Ta fara da yaren rubuta manhaja da ake kira Python, ta hau kan Django, wanda masu koyarwa a bidiyo suka ce shi ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Django kamar kangon gida ne da aka riga aka tayar, da ƙofa da makulli, kai dai ka raba ɗakuna ka yi shafe. Sauƙin nan kuwa a bakin masu bidiyo ya tsaya. Sabis ba ya kamawa sai a gindin katangar bayan madafa, can take tsugunawa da waya tana sauke darasi, kaji na zagaya ta. Wuta kuwa sai ta aika da kwamfutar shagon masu caji da sola. Ranar da ta fara tayar da abin, hoton ɗan roka ya bayyana a allon yana nuna mata komai ya zauna daidai, sai da ta rufe baki da mayafi don kada a ji dariyarta.

Bayan roka sai wahala. Ta manta waƙafi guda, shafi ya koma ruwan ɗorawa cike da Turancin da ko mai bidiyon sai ya yi gumi. Ta gyara nan, can ya ɓalle. Sau da yawa tuwo ya kama a tukunya tana neman inda ta yi kuskure, Hajiya Larai ta wuce tana jan tsaki. A hankali dai abin ya miƙe. Ta yi wurin masara, dawa, gero da waken suya, ta yi ƙofar da dillali zai shiga da kalmar sirri ya sa farashinsa. A darasin da take bi, in mutum ya shiga, shafin na gaishe shi da sunansa. Ta kwafi layin yadda yake, ta mayar da gaisuwar Hausa, ta shiga da nata sunan don gwaji. Manyan baƙaƙe suka fito a sama: Barka da zuwa, Najiba! Daɗi ya kama ta, ba ta ga aibun komai ba.

Da ta gama, ta ɗora shi a intanet, saura a buɗe wa dillali na farko ƙofarsa, wato Alhaji. Nan hannunta ya tsaya. Gurbin ya ce a sa suna, ita kuwa yadda ba ta iya faɗinsa haka ba ta iya rubuta shi. Ta tura wa Mamuda kwamfutar, ta kau da kai.

"Rubuta na Baba a nan."

"Da Alhajin ko babu?" in ji Mamuda.

"Suna suka ce. Yi yadda suka ce, kada ya ƙi karɓa."

Ya rubuta, ya zaɓi kalmar sirri, ta rufe wurin ba tare da ta kalla ba. Duk mai wannan aiki ya san sai ka shiga a matsayin mai amfani da abin ka ga abin da zai gani. Ita ma ta sani, mai bidiyon ya nanata har ya gundure ta. Amma shiga da sunan surukinta, ta zauna a mazauninsa ko da a cikin na'ura ne, kunya ba ta bar ta ba. Ta gwada komai ban da wannan.

Ranar kasuwa da hantsi Alhaji ya tara abokan sana'arsa a zaure kafin su fita. Da ma ya cika su da labari, ɗiyarsa ta haɗa abin da zai hutar da mutanen Sabuwa. Cikinsu har da Malam Audi na Mairuwa, taubashinsa, tsoho mai bakin tsiya wanda tun suna yara suke tsokanar juna. Najiba ta durƙusa a bayan ƙofar ciki, inda take jin komai ba a ganinta.

Mamuda ya sa kalmar sirri a waya, sabis na jan ƙafa, bai jira shafin ya buɗe ba ya miƙa wa mahaifinsa da hannu biyu. Alhaji ya nisanta wayar da fuskarsa, ya matso da ita. Shi ajami ya iya, boko sai lambobi.

"Ga rubutu nan manya a sama," ya ce. "Kai wa mai aikin ta karanta mamu da bakinta. Ɗiyata, mi ya ce?"

Wayar ta zo hannunta ta gefen ƙofa. Ta duba. Barka da zuwa, sai sunan, tsirara, ba Alhaji ba Malam, har da alamar motsin rai a ƙarshe kamar ana kiran yaron aike. Ta buɗe baki ba abin da ya fito.

"Ko ba ta ji ba?" in ji Alhaji. "Karanta mana, kada ki ji nauyinsu, iyayenki ne."

Da Mamuda mai dabara ne, da ya karɓa ya ce gaisuwa ce kawai, a wuce wurin. Ina. Ya karɓa, ya duba, ya tsaya sororo a tsakiyar zaure yana kallon ƙasa, shi ma ɗa ne, bakinsa bai iya ba. Shirun ya yi yawa har kowa ya gane akwai magana. Malam Audi, wanda ya taɓa firamare a zamanin da, ya miƙa hannu ya fizge wayar. Ya bi baƙaƙen da yatsa, fuskarsa ta washe.

"Barka da zuwa, Yahuza!" Ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji. "Kai Yahuza, surukarka na gaishe ka. Ashe haka ake kiranka a cikin gida?"

Zaure ya ɗauki dariya. Wasu suka danne, wasu suka kasa. Alhaji ma ya yi ɗan murmushi, irin wanda mutum ke yi don ba shi da wata mafita, ya ce a duba farashin. Najiba ba ta ji sauran ba. Ta rarrafa ta koma ɗaki, ta kifa kai a kan katifa, ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Ba zagi aka yi ba, ta sani, amma mutumin da ya tare mata bakin gida guda, ita ta tuɓe masa rawani a gaban sa'o'insa da hannunta.

Gyaran bai ɗauke ta lokacin dafa shayi ba, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ƙara gurbin laƙabi, ta sa gaisuwar ta fara da shi, kafin azahar shafin na cewa Alhaji. Sai dai Malam Audi ya riga ya isa kasuwa. Kafin la'asar labarin ya zaga rumfunan hatsi, ya shiga wajen 'yan awo da masu ɗinkin buhu.

Shafin kuma ya karɓu, abin haushin. Dillalai suka shiga, masu saye daga Sabuwa da Ƙanƙara suka riƙa dubawa kafin su taso. Sunan da ta raɗa masa mai tsawo ne, ba wanda ya riƙe. Da sunan tsohon ake kiransa. Ɗan dako da bai kai jikansa ba zai ɗaga waya ya ce, "Duba Yahuza, nawa masara?" Wani ya amsa, "Yahuza ya ce ta faɗi." In farashi bai yi wa mutum daɗi ba, sai ka ji, "Yahuza maƙaryaci ne yau." Yawancinsu ba da mugunta suke yi ba, baƙin da ke zuwa ma ba su san akwai mutum mai sunan ba, alhali yana zaune a kan buzunsa a rumfar da ke kusa, yana jin su.

Najiba ta daina fita tsakar gida sai dole. Hajiya Larai kallo kawai take bin ta da shi, kuma da ta yi faɗa da ya fi sauƙi. Mata daga wasu garuruwa suka riƙa kiranta a waya suna so ta koya masu, su fara da tambayar ko ita ce mai abin nan, su faɗi sunan. Sai ta ce e a hankali, ta yi saurin sauya magana. Aikin hannunta ne, ta sha wuya a kansa, amma ba ta iya ambatarsa yadda duniya ta san shi.

Bayan kaka ta wuce, wata safiyar kasuwa, Alhaji ya aika a kira ta. Ta durƙusa a bakin zaure, kanta a ƙasa. Shi kaɗai ne, kuma ta lura bai sa babbar riga ba.

"Ɗiyata, abin nan naki, ana iya kashe shi?"

"Ana iyawa, Baba." "Yanzu ma in ka ce. Ka yafe mani, wallahi ban..."

"Na sani." Ya ɗaga hannu. Ya ci gaba da jan carbi, ita kuma tana jira, har ta fara jin sanyi a ranta cewa yau za ta goge abin ta huta.

"Jiya wani mutumin Sabuwa ya tare ni a masallaci," ya ce. "Bai san ni ba. Ya ce tun da abin ya fito bai ƙara shiga hanyar nan a banza ba, yana ta sa wa mai shi albarka." Ya aje carbin. "Bar shi ya yi aikinsa."

Ta ɗago kaɗan, hawaye na zuba. A waje ana ta loda buhuna a mota, Mamuda na ƙwala wa direba kira ya jira Alhaji.

"Ce masa su tafi," in ji tsohon. "Daga yau Mamuda zai riƙa zama a rumfar. Ni na bar kasuwa."