Tanti Habsu Ta Tafi, Ta Bar Min Ungulu

Yau da safe labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai ga kiran Mariama, 'yar Tanti. Da Turanci ta fara, muryarta ta karye, ta koma Hausar da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Anti, Mama ta rasu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tanti Habsu. Maƙwabciyata a Largo, 'yar Damagaram, matar da ta fara fitar da ni daga ɗaki a ƙasar nan. Makon jiya aka yi mata tiyatar zuciya, muna ta faɗa wa juna ta samu sauƙi.

Waɗanda suka san ni sun san yadda na zo Amurka. Amarya da akwatunanta, da waya cike da littattafan soyayya. Maigidana ya fita asibiti aiki tun da duku-duku, ni kuwa takardun aikina ba su fito ba. In yi shara, in turara gida, in miƙe a kujera in karanta yadda ake kai amarya bakin teku, iska na kaɗa mata gyale, ango na biye da ita riƙe da takalmanta.

Ranar da komai ya canza min, ƙwanƙwasa ƙofa kawai na ji.

Ta ce, "Ɗiyata, kullum labulenki a sake. Ba ki da ƙafa ne? Gobe ki shirya in kai ki bakin ruwa, inda nake aiki."

Ban tambayi wane aiki ba. Na ɗauko leshina ruwan hoda, na ɗora a kabbasa ya sha turaren wuta har ya ƙoshi. Na sa takalmi mai tsini. Da na fito, Tanti tana jingine da motarta cikin takalmin roba har gwiwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce da Faransancinsu na Nijar, "Bon." Ta ƙara da, "Shiga mu tafi."

Tun kafin mu yi fakin warin ya shigo motar. Ruwa ya janye, taɓo ya fito fili, wari kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a hancina. Babu littafin da ya taɓa faɗa min haka bakin teku yake.

Wata 'yar senta ce a gaɓar Chesapeake, inda ake kawo 'yan makaranta su ga kififiya da ƙaguwa da macizai da mujiya, da tsuntsayen da suka ji rauni ba za su iya komawa daji ba. Gaban wurin tsaf-tsaf, har da hotuna. Tanti ta baya ta bi da ni.

Ta buɗe firiza.

Ɓeraye. Farare, daskararru, an jera su a leda kamar naman layya. Ta ɗebo ta zuba a ruwan ɗumi tana min bayani, wai sai sun saki, ba a ba tsuntsu da sanyinsu. Ban ji ƙarshen bayanin ba. A bayan kwandon shara na amayar da karin kumallona, takalmina guda ya nutse a taɓo.

Ba ta yi min dariya ba. Ta ciro kanumfari daga aljihu ta ce in tauna. Ta ba ni takalmin robarta na ajiya, ta wanke nawa da hannunta.

Daga nan ta kai ni wajen Maigari.

Ungulu ne. Ba irin namu na mahauta ba, wannan kansa ja ne, a murtuke, kamar naman da aka manta a rana. Hancinsa rami ne da kake hango haske ta ɗaya gefen. Mota ce ta buge shi shekarun baya, fiffiken ya warke a karkace. Tanti ta raɗa masa Maigari saboda yadda yake tafiya, kafaɗu a ɗage, kamar ya zo duba gonar da ake rigima a kanta.

Bari in faɗa muku halinsa, don kada ku ɗauka wani abin sha'awa ne. In zafi ya dame shi, a ƙafafunsa yake kashi don ya ji sanyi. In ya tsorata, aman abin da ya ci yake watso wa mutum. Warin aman nan ba ya fita da sabulu. Duk ma'aikatan wurin ya yi musu, har Carol, shugabar wurin. In ba Tanti ce ta kawo abinci ba, sai ya juya baya ya yi ta huci, in an matsa ya amayar da na jiya ma.

Ni kuwa ina tsaye a bakin keji, rabi leshi rabi roba, sai ga shi ya diro ya taho. Ya zura baki ta waya ya kama gefen gyalena. Ya saki. Ya sake kamawa a hankali.

Carol ta zo ta tsaya baki buɗe. Tanti kuwa dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Wannan da hanci yake aiki. Turaren wutarki ya ji. Tun zuwana suke cewa in daina sa turare, na ce musu wannan ba sawa ake ba, a fata yake. Ya saba da shi a jikina. Ga shi yau ya samu amarya."

Ban sani ba ko masu ilimin tsuntsaye za su yarda da wannan bayanin. Abin da na sani, turaren da na yi don mijina ya yaba, ungulu ne ya yaba.

Haka na fara aikin sa kai a wurin. Ba don ina so ba. Don dai ɗakin ya ishe ni, kuma Tanti ba ta iya jin "a'a" ba.

Na kankare kashin mujiya. Na yanka kifi mai sanyi har yatsuna suka daina ji. Na wanke tankin kififiya, ruwan kore shar, yana yauƙi. Na tsince gashin ɓera daga ƙarƙashin farcena a hanyar gida. Kada wani ya ce min ana sabawa. Ban saba ba. Har jiya in na buɗe firizar nan sai na ɗauke numfashi.

Wata rana na tambaye ta, "Tanti, ke ba kya ƙyama ne?"

Ta ce, "Ina yi mana. Kullum. Amma shi bai san yana wari ba, yunwa kawai ya sani."

A Nijar ma'aikatar kiwo ta yi wa aiki, tana bin rugage ana yi wa shanu allura. Ta ce can shanu, nan ɓeraye, Allah bai tambaye ta wanne ta fi so ba.

Ita ta koya min tuƙi a filin fakin ɗin sentar, tana dafe da ƙirji tana salati. Ita ta kai ni shagon da ake samun daddawa ta gaske. Duk ranar da muka tashi aiki sai ta ce in ba ta labarin littafin da nake karantawa. Ta yi ta tsaki tana cewa, "Wannan saurayin ba shi da aikin yi ne, kullum yana jingine da mota?" Amma gobe ita za ta fara tambaya ina aka tsaya.

Yanzu zan faɗi abin da yake cina tun safe, wanda ya ji haushi ya ji.

An yi wani suna a Beltsville. Tanti ta yi kwaɗon zogalenta, irin nasu na Nijar, babbar roba. Wata Hajiya, ba zan kama suna ba, ta ɗaga murfin ta leƙa, ta ce, "Tanti, da hannun aikin aka kwaɗa?" Aka kwashe da dariya. Wata ta ja kujerarta baya. Har aka watse babu wadda ta sa cokali.

Tanti ta rufe robarta ta miƙo min. Ta ce, "Kai mota, ɗiyata. Gobe mun samu na rana."

Washegari muka cinye shi a benci, muna kallon ruwa. Ban taɓa cin kwaɗo mai daɗinsa ba. Matar da take wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta taɓa ko kofi.

Yau Hajiyar nan ce ta riga kowa sa hoton Tanti a waya, da fuskokin kuka a jere, wai "uwar kowa ta tafi". Guruf ɗin mata ya cika da "mutuniyar kirki". Waɗanda suke kiranta Mai Ungulu in ta juya baya su ne suka fi tsawon rubutu. Na karanta. Aman Maigari bai taɓa tayar min da zuciya haka ba, shi aƙalla a gabanka yake yi.

Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Na faɗa ne don ba zan iya haɗiyewa ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bayan kejin Maigari ne, ana gobe za a kwantar da ita. Ta kifa bokiti ta zauna a kai, numfashinta na fita da ƙyar. Na faɗa mata takarduna sun fito, na samu aiki a ofishin wani likitan haƙori a nan Largo. Karɓar baƙi, amsa waya, wuri mai sanyi da ƙamshi. Litinin ta sama zan fara.

Na ɗauka za ta ji babu daɗi. Sai ta yi min 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada tsuntsaye su firgita.

Ta ce, "Ki je, ɗiyata. Ke ba 'yar wari ba ce, na sani tun ranar leshi. Ki riƙe min shi dai har in fito."

Na ce, "Har ki fito fa, Tanti. Daga nan ni da shi sai a hoto."

Ta ce, "Dakor," wato ta yarda. Maigari yana ta jan igiyar takalminta ta ƙasan waya, tana ture shi da ƙafa tana ce masa, "Kai, tsoho, ka ji kunya."

Na riƙe alkawari. Duk safiya tun da aka kwantar da ita ina zuwa, ina toshe hanci ina miƙa masa, ina lissafin ranar da zan huta.

Ɗazu na kira Carol na faɗa mata rasuwar. Ta daɗe tana kuka. Ba ta roƙe ni komai ba, ta san na riga na yi sallama da su. Ni ce na tambaya, to Maigari fa? Ta ce za su gwada. Ta ce ya tsufa, ba zai jure a kai shi wani wuri ba. In ya ci gaba da ƙin ci yana amai, likitan dabbobi zai zo ya duba abin da ya fi masa sauƙi.

Na gane abin da take nufi. Allura ɗaya ce, ya kwanta ba tashi.

Ciyarwar da safe ake yi. Ofishin likitan haƙoran ma da safe ake buɗewa. Ba sa haɗuwa.

Maigidana ya dawo daga gidan rasuwar ya same ni zaune da waya a cinya. Na faɗa masa yadda muka yi da Carol.

Ya ce, "Litinin fa kike fara aiki. Har kayan sawa kin goge."

Na ce, "Na sani, Yallaɓai."

"Ke kika ce min kin tsani tsuntsun nan."

"Har yanzu ban fasa ba. Ko kallonsa ba na son yi."

"To?"

Na ce, "To a hannuna yake ci."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Ni na auro 'yar gayu daga Kano, Tanti ta mayar min da ita mai kiwon ungulu. Allah ya ji ƙanta." Ya tashi ya shiga alwala.

Ya Allah, ga baiwarka Habsu ta zo gare ka. Ta ciyar da halittunka waɗanda kowa yake kau da kai daga gare su, ba ta taɓa neman a gode mata ba. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka sa ƙamshin Aljanna ya tarbe ta. Ka ba Mariama haƙurin rashin uwa a ƙasar da ba dangi kusa. Mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah ka tsaya ka karanta mata Ƙulhuwallahu. Ba sai ka rubuta komai a ƙasa ba. Addu'ar ta fi.

Na kira ofishin likitan haƙoran na ce su ba wata aikin. Gobe da safe, kafin in wuce zaman makoki, ni zan ciyar da Maigari.